Ranar da Umma ta goya ni zuwa mustashfa

Salamu alaikum jama'a. Na jima ban ce komai a nan ba. Masu tambayata yadda aka yi ƙafata ta shanye, yau ga amsa. Ban taɓa ba da labarin ba sai yanzu da tsufa ya zo.

A Jarwal aka haife ni, wata unguwa a ƙasa mai tsarki. Babana ɗan ga-ruwa ne, ya zo hajji a ƙasa daga Sakkwato bai koma ba. Ba shi da takardar zama, haka ma Umma.

A ƙarshen zamanin sarkin ƙasar na farko ne, ina yaro ƙarami, zazzaɓi ya kama ni. Da ya sauka na tashi zan je wasa, sai na faɗi. Na sake tashi, na sake faɗuwa.

Ƙafar hagu ta zama kamar tsumma.

Maƙwabta suka ce shan inna ne, sai lalas. Aka kira mai yi, ya sa ƙarfe a wuta. Har yau tabon yana cinyata. Ƙafar ba ta motsa ba, wurin ƙunar kuma ya fara ruwa yana wari, zazzaɓin ya dawo.

Umma ta ce a kai ni mustashfa, asibitin gwamnati.

Baba ya ce, "Hajara, in suka nemi takarda fa? Jidda za su kai mu, su sa mu a jirgi."

Ta ce, "Malam, yaron nan mutuwa zai yi."

Ya ɗauki garwarsa ya fita. Ita kuwa ta goya ni, muka kama hanya cikin rana.

Akwai askari, wato ɗan sanda, a ƙofa. Mai rubuta sunaye ya ce, "Ina takardarku?"

Ta ce, "Ba ni da ita." Ta kwance goyon, ta buɗe masa cinyata.

Ya daɗe yana kallo. Ya dubi askarin, ya dube mu, sannan ya ce, "Shiga, ya hajja."

Likitan ya buga gwiwata da ƙaramar guduma, shiru. Ya soka allura a tafin ƙafar, na yi ihu. Ya ce wa Umma, "Ƙafar ba za ta dawo yadda take ba, amma zai rayu. Kada a sake ƙona shi."

Na yi makonni a kwance. Kullum wankin ciwo da allura. Ba a karɓi ko kwabo ba, har abinci ake ba mu. Duk da haka, duk mai kaki da ya shigo ɗakin sai Umma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba bai shigo ba, yana tsayawa can nesa da ƙofa. Ranar sallama likita ya sa aka ba ni sanduna, ya koya wa Umma yadda za ta riƙa miƙe min ƙafar. Da na fito ina dogarawa, Baba ya ajiye garwa a tsakiyar titi ya zo ya ɗauke ni.

A lokacin ba albashin naƙasassu, ba makarantarsu. Gadon asibitin nan da sandunan su ne duk tallafin da muka gani, kuma su suka tsayar da ni. Na yi karatu, na yi ɗinki a unguwar Misfala, na aurar da 'ya'ya.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan iyayena, da mutumin nan mai rubutu da ban san sunansa ba.

Iyaye, ku yi wa yara rigakafi. Wanda Allah ya ba yaro mai lalura, kada ya ɓoye shi a ɗaki. Ku je ofishin da ke kula da su, ku tambayi abin da ya tanada, in an ce ku dawo ku koma. Umma ma da tsoronta ta je.