Na Je Kankia Duk da Yaya Ya Ce Kar In Je

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya aiko mani saƙo wai kar in je taron ɗiyata Bilki a Kankia, don ba zan gane komai ba, kunya kawai zan ba su. Shi ɗin nan da ya sa aka cire ni daga aji huɗu in bi shanun babanmu, shi ya ci gaba da karatu. Don Bilki ta yi sakandare a gidansa, sai ya ɗauka ya zama ubanta.

To na je! Mun tashi daga Dudunni da asuba ni da maƙwabcina, bisa mashin ɗinsa mai tari kamar tsohon mashayin taba. Kaka ce, ko'ina dammunan gero a tsaye, mata har sun shiga roron wake. A Kusada muka sha koko da ƙosai mai zafi, muka ajiye mashin ɗin, muka shiga wata mota da aka cusa mu da buhunan dawa da akuya guda. Akuyar ta ci gefen rigata ta Juma'a, ban ko ji haushi ba. Zuciyata tana Kankia.

Taron a wata makarantar koyon aikin lafiya aka yi shi. Sun gayyato Bilki ta nuna wa ɗalibai aikin da ta yi a jami'a. Na samu benci a can baya. Yaya yana gaba cikin babbar riga, yana gyaɗa kai tun ba a fara ba.

Ta fara da Turanci, da ta hango hulata sai ta juya Hausa. Ta ce a jikin mutum akwai wasu sinadarai da ake kira furotin, dubbai. Wasunsu su ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, da su ciwo ke warkewa, da su kuma ciwon daji ke samun abinci. Gwada kowane ɗaya sai a tsufa ba a gama ba. Sai ta nuna wa kwamfuta waɗanda aka san suna wannan aiki da waɗanda ba sa yi, ta yi ta nuna mata, har ta koyi cewa: wannan sabon, ku duba shi.

Wallahi nan take na gane. Ai zaɓen iri ne! Shekara talatin ina zube wake a faifai ina ware mai kyau da wanda ƙwaro ya sha, ido ne ya koya don ya ga da yawa. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

Na ce, "Ita na'urar ba ta kuskure? Mu dai iri ko ya yi kyau a ido, sai an shuka ake sani."

Wani malami ya yi dariya ya ce tambayar da ya shirya ke nan. Bilki ta ce, "Tana yi, Baba. Ita zaɓe take, shukar sai a ɗakin gwaji." Ta dubi jama'a ta ce, "Mahaifina ne."

Duk suka waiwayo. Yaya ne kaɗai bai waiwayo ba.

Bayan taro ta saya mana tsire da rake, ta rako mu bakin ƙofa za mu kama hanyar gida. Nan Yaya ya tare ni, wai ai da na faɗa masa da ya aiko mota.

Na ce, "Yaya, saƙonka ya iso, na kuma gane shi sarai, kamar yadda na gane bayanin Bilki. Ka ciyar da ita shekara shida, Allah ya saka maka. Amma aji huɗun da ka bar ni da shi ya ishe ni yau. Gobe in za ta yi magana ko a Abuja ne, kai za ka zauna a baya."