Hoton da Hajiya Ta Tafi da Shi Kano

Kwanan baya muka buɗe wani kwali da ya biyo mu daga Beltsville zuwa Bowie a nan Amurka, ya yi shekaru a gareji ba wanda ya taɓa shi. A ciki muka sami kundin hotuna na farkon shekarun dubu biyu, lokacin da ake sayen 'yar kyamarar roba a kantin magani, a yi ta ɗauka har fim ya ƙare, a mayar musu su wanke. Launin hotunan ya fara kodewa. Yawancinsu na rana ɗaya ne, ranar da muka kai surukata wani katafaren filin wasanni, tafiyar sa'a biyu a mota daga gida.

Duk hoton da ka ɗauka, labarin ɗaya ne. A baya akwai jama'a cikin gajeren wando, wasu jiƙe sharkaf, wasu na lasar askirim, kowa baki buɗe. A gaba kuma ga mu a jere kamar tawagar da ta zo ta'aziyya. Ni cikin babbar riga ta shadda da hula, a tsakiyar watan Agusta. Matata da jariri a kafaɗa. 'Yarmu, mai shekara bakwai a lokacin, cikin atamfa. Sai Hajiya, mahaifiyar matata, da leshi da mayafi. Ba mai murmushi a cikinmu, ko a gaban dawakan roba masu zagayawa, ko kusa da wani mutum da ya shiga rigar ƙaton ɓeran wasa yana ɗaga mana hannu. Dalili kuwa shi ne hotunan Kano za su tafi, kuma hoton da zai je gida ba a nuna haƙora a cikinsa.

Hajiya ta zo ne domin jegon ɗanmu na biyu. Gidanmu na lokacin ɗaki biyu ne da falo, a hawa na uku. Wanda ya gina shi bai san akwai wani abu wai shi kunyar surukai ba. A Kano da na san yadda zan yi: in gaishe ta daga bakin ƙofa, in ɓace. A nan kuwa hanyar banɗaki ta gaban kujerarta ta bi. Wata huɗu ban ci abinci a gabanta ba. Nakan ci a tsaye a kicin, ko in ɗauki kwanona in sauka cikin mota. Wani maƙwabcinmu ɗan Kumasi ya gan ni ina cin tuwo a bayan sitiyari sau uku, a na huɗu ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaye ni cikin tausayi ko ya zo ya yi mana sulhu da madam.

Ita ma Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a falon za ta dubi 'yarta ta ce, “Ki ce wa Malam an gode da lemo.” Matata ta juyo ta ce, “An gode da lemo.” In ce, “Ki ce mata ba komai.” Tsakaninmu bai kai taku uku ba.

Akwai wani abin kuma. Ina karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo, kuma a unguwar su matata muryata kawai aka sani. An ɗauke ni mutum mai nutsuwa wanda ko girgizar ƙasa zai karanta ba tare da numfashinsa ya canza ba. Ƙannen matata, musamman na biye da ita, sun yi shekaru suna neman inda za su kama ni, ba su samu ba. Wannan martabar ce na shiga filin wasannin da ita, kuma ina da niyyar fitowa da ita.

Bayan azahar, mun yi salla a kan ciyawa a bayan wani shagon tsaraba, sai yarinyar ta nuna abin da ya kawo ta. Jirgi ne ƙarami marar rufi, yana bin dogon da aka kafa a kan katakai, ya hau sama kamar bene mai hawa goma, ya sulalo. Daga inda muke muna jin ihun mutanen ciki. Ta ce sai ta hau. Uwarta na riƙe da jariri, don haka ni ne ɗan rakiya.

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce wa jikarta, “Ƙawata, mu je tare.”

Matata ta ce, “Umma, wannan fa ba lilon Salla ba ne.”

“Na hau jirgin Makka sau biyu. Wannan ko fiffike ba shi da shi.”

A bakin layi akwai sandar awo: yaron da bai kai tsawonta ba, ba ya hawa. Yarinyar ta gaza da kamar yatsa biyu. Hajiya ta ja ta gefe, ta kwance mata ɗankwali, ta sake ɗaura shi ya yi tsini sama. Mai tsaron ƙofa ya duba, ya ga kai ya taɓa layi, ya ce mu wuce. Lissafina a lokacin mai sauƙi ne. Kujerun bibbiyu ne, kaka da jika za su zauna tare, ni in zauna can baya.

Mun fi rabin sa'a a layi. Da muka isa inda ake shiga, sai ga wata sandar, da wata ma'aikaciya da ta fi na farkon ido. Ta ɗora tafin hannu a kan ɗankwalin, ta danna a hankali, ya lotsa. Cikin fara'a ta ba yarinyar haƙuri, wata ta raka ta ƙofar fita inda uwarta ke tsaye. Yarinyar ta tafi tana ƙunƙuni da Turanci.

Muka rage ni da Hajiya, ga jama'a a bayanmu, ga jirgi ya tsaya. Abin da ya dace shi ne in ce mu koma. Amma in faɗa wa wa? Mai isar da saƙonmu tana can bayan shinge. Hajiya ta dubi dogon, ta ce wa iska, “Ai an riga an zo.”

Ma'aikaciyar ta nuna mana kujera ɗaya mai wuri biyu. Na yi yunƙurin komawa ta baya, na tarar wasu samari sun cike ta. Ta nuna hulata ta ce in cire, iska za ta ɗauke. Na cire na cusa a aljihu. Ta tattaro hannuwan babbar rigata ta tura mini su a cinya, ta sauko da ƙarfen tsaro ya danne mu tare. Ga ni ba hula, kafaɗata na gogar ta surukata. Na kafa ido a ƙeyar mutumin da ke gabana.

Hawan farko a hankali ake yinsa, ana jin sarƙa tana ƙas-ƙas-ƙas. Na tuna ina tsara jimla a zuciyata, yadda zan ba da labarin a ofis. Ban kai ƙarshen jimlar ba ƙasa ta ɓace.

Ba zan iya ba da rahoton abin da ya biyo baya dalla-dalla ba, domin idona a rufe yake. Na san dai na kira mahaifiyata. “Wayyo Inna!” na ce, ba sau ɗaya ba, da wata murya da masu sauraro ba su taɓa ji ba. Na san kuma na riƙe wani abu da hannu biyu, na ɗauka ƙarfen ne.

Da jirgin ya tsaya na buɗe ido, na ga damtsen Hajiya ne. Na sake shi. Ta fita ta karkaɗe leshinta, na mayar da hulata.

Ban san akwai kyamara a kan dogon ba. A hanyar fita akwai rumfa da allunan talabijin, kowanne na nuna hoton kujera ɗaya a daidai gangaren. Matata ta riga mu isa. Na same ta ta jingina da bango, jariri na girgiza a kafaɗarta saboda dariyar da take dannewa.

A hoton, kaina ba hula, bakina a wangame har ana ganin dasashi, rigata ta kumbura ta baya kamar tanti, hannuwana biyu sun ƙanƙame surukata. Ita kuwa tana zaune cak, hannu ɗaya riƙe da mayafi a ƙarƙashin haɓa, fuskarta irin ta hoton fasfo.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Sai ta ce wa 'yarta, “A ciro mini wannan.”

Na ce wa matata ƙasa-ƙasa, “Ki ce mata injin ya lalace.”

“Ga shi yana fitar da na wasu, Malam.”

“To ki ce ba a ba baƙi.”

“Ni ba na yi wa uwata ƙarya,” in ji ta, tana share hawaye da gefen mayafi.

Aka buga shi, aka sa a kwali mai ado. Hajiya ta zura shi a jakarta ta ja zif.

Saura mako uku ta koma gida, kuma a mako ukun nan ba abin da ban gwada ba. Na wanke sauran hotunan kofi bibbiyu, na sayo kundi mai kyau na jera su, na aika mata ta hannun 'yarta, da fatan a yi musaya. Ta ce a ce wa Malam an gode, ta haɗa duka ta ajiye. Na roƙi matata ta yi mini magana. Ta ce ta yi, kuma amsar ita ce hoton na wanda ya hau jirgi ido buɗe ne. Ranar tafiya ni na ɗauki akwatinta zuwa mota, na san yana ciki, ƙarƙashin kwalaben turare.

Na jira waya daga ƙanin matata. Wata ɗaya, wata uku, shiru. Shirun ya fi damuna.

Sai bayan shekara biyu muka je hutu Kano. Na shiga gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofar falo, na ɗaga ido kaɗan. Hoton yana nan a bango cikin gilashi, tsakanin hotonta na Makka da na marigayi mijinta. Falon kuma cike da mata 'yan barka da zuwa, ƙanin matata na tsaye a gefe ya harɗe hannu.

Wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi bangon. Ta ce, “Au, wannan ne mai rediyon? Shi ne na hoton?”

Hajiya ta ce, “Shi ne. Kin ga yadda ya riƙe ni? Abin nan jefar da mutane yake yi. Da ya ga za mu gangara, sai ya manta da kansa, ya kama ni da hannu biyu kada in faɗo.”

“Allah sarki! To bakin fa?”

“Addu'a yake yi. Da ƙarfi, don ƙarar ta yi yawa.”

Matan suka ɗauki sa albarka. Wata ta ce surukan yanzu ko jaka ba sa riƙe maka. Daga yadda suke amsawa na gane sun sha jin labarin, kuma a haka suka san shi. Na yi shekaru ina gyara rahotannin wakilai, ban taɓa ganin an ɗauki hoto ƙarara irin wannan an sa masa bayanin da ya juya shi gaba ɗaya ba.

Ƙanin matata ya biyo ni zaure. Ya ce, “Yaya, tsakaninka da Allah, addu'a ce?”

Na ce, “Ka ji daga bakin wadda take wurin.”

“Wace addu'a ce ake yi da dasashi a waje?”

“Je ka tambayi Hajiya.”

Ya yi tsaki yana dariya. Ya san ba zai iya ƙaryata uwarsa ba, ni ma na sani.

Da za mu tafi da yamma na koma yi mata sallama. Baƙi sun watse, daga ita sai 'yarta. Ta ba da saƙon gaisuwa ga mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, yadda aka saba. Sannan ta gyara zama, ta dubi matata.

Ta ce, “Ki ce wa Malam, in ya je ya gaishe mini da Inna da kyau. Ya gaya mata ranar nan ya yi ta kiranta, ni na amsa a madadinta.”

Matata ta juyo gare ni, ta buɗe baki za ta maimaita.

Na ce, “Na ji.”