Ranar da Ajidan ya hana gaisuwa

"Kowa ya kife wayarsa!"

Ajidan Sani ke nan, tsohon jandarma mai jagorantar kwamitinmu na agaji, ranar da tafki ya yi ambaliya a nan Matameye. Mu shida, kamiyo (babbar mota) ɗaya gare mu, mun kasa yanke unguwar da za a tura shi. Saƙonnin murya sai shigowa suke, kowanne sai an tambayi iyali da damina kafin a zo kan magana.

Na ce, "Ajidan, in wani labari ya wuce mu fa?"

Ya ce, "Malam, tun ɗazu kuke sauraro, wa kuka ceta? Kowace unguwa mutum ɗaya ya kira ni. Ban da gaisuwa. Ina ruwa ya kai, wa ya maƙale, wace hanya ke biyuwa."

A kira na biyu aka ce ruwa ya rutsa da wata tsohuwa a ɗakin ƙasa. Aka tura kamiyo, aka fito da ita da rai.

Daga baya na tarar da saƙon maƙwabcinta a wayata. Tun safe yake nan, ban kai gare shi ba.

Allah ya ƙara wa Ajidan lafiya. Ku fa, da kun iya kife taku?