Jimloli Goma a Littafin Ɗana

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba da labari, ni dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu ta Potiskum, mai ƙarfin murya, mai ji da kansa. Aji huɗu na yi a firamare na bari, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Abin da na iya shi ne ido: in na kalli sa sau ɗaya, na san naman da mahauci zai samu. Kuma akwai dabarar da duk dillali ya sani. In kana so mai saye ya ga girman bijimi, sai ka jawo ramamme ka ɗaure kusa da shi, ka yi ta cewa Alhaji duba nan, duba can, ai wannan ya fi tozo, ya fi cinya, ya fi lafiya. Ba ma yabon dabba ita kaɗai, sai mun kushe wata. Da haka na ci abinci shekara ashirin, kuma da wannan bakin nake komawa gida a unguwar Dogo Tebo kullum.

'Ya'yana maza biyu ne. Babban, kansa na ja, ba ya wuce na ɗaya ko na biyu a aji. Ƙaramin shiru-shiru ne, kullum yana gefe yana kwance tsohuwar rediyo ko tocila. Ban taɓa dukansa ba, shi ya sa na ɗauka ni uban kirki ne. Amma in ya kawo sakamakon jarrabawa sai in ce a ɗauko na yayansa a ajiye kusa. In na aike shi ya daɗe, sai in ce ɗan maƙwabcinmu da tuni ya je ya dawo sau biyu. Uwarsu ta sha gaya mini cewa Malam, gidan nan fa ba kara ba ne. Ni kuwa sai in ce mata zuga shi nake yi, namiji sai da zuga.

Yana aji biyu na ƙaramar sakandare malamarsu ta Turanci ta aiko ina da kira. Ranar Laraba ce, ranar kasuwa, na tafi ina ƙunƙuni. Matar 'yar Filato ce, Kirista, ta daɗe a garin nan, Hausarta tas. Ta ba ni kujera, ta ce Baba ka yi haƙuri na raba ka da kasuwa. Ta yi mini bayani cewa ta koya musu yadda ake kwatanta abu biyu da Turanci, irin a ce wannan ya fi wancan tsawo ko sauri, sannan ta ce kowa ya rubuto jimla goma daga abin da yake gani ko yake ji kullum. Ta ce yara sun rubuto tirela ta fi keke napep girma, mangwaro ya fi goruba zaƙi, Kano ta fi Damaturu nisa. Na ce to Madam, nawa ya faɗi ke nan, ai na saba. Ta ce a'a, shi kaɗai ya ci goma cikin goma, kuma abin da ya sa ta kira ni ke nan.

Ta buɗe littafin, tana karantawa da Turanci tana mayar mini da Hausa. Yayana ya fi ni ƙoƙari. Yayana ya fi ni tsafta. Ɗan maƙwabcinmu ya fi ni sauri. Ƙanwata ta fi ni wayo. Haka ta yi ta saukowa, ni kuwa ina jin muryata a kowane layi, don babu wanda ban faɗa da bakina ba. Ta tara ita ce: akuyar gidanmu ta fi ni amfani, don ita ana iya sayar da ita. Na tuna ranar da na faɗi wannan, a gaban abokaina, har aka yi dariya. Ta goma kuwa ba tawa ba ce, tasa ce. Ya rubuta cewa makaranta ta fi gida daɗi, don a makaranta sau uku kawai ake auna mutum a shekara.

Kun san me na yi? Da na ce na yi kuka, da na yi ƙarya. Fushi na yi. Na ce wa malamar ta koyar da Turancinta ta bar mini gidana. Ta miƙo mini littafin ta ce in tafi da shi, wata rana zan so a sake karanta mini. Da na isa gida na kira yaron, na ce masa ai ya tona mini asiri a wurin bare, na kuma rufe da cewa yayansa ba zai taɓa yin wannan rashin hankali ba. Ko a ranar ban iya yi masa faɗa shi kaɗai ba. Ya durƙusa ya ce Baba, ka yi haƙuri. Daga nan bai ƙara kawo mini komai in gani ba, ko rediyon da ya gyara.

Yana gama aji uku ya bi wata tirelar shanu zuwa kudu. A can ya koyi gyaran wutar mota. Uwarsa yake kira a waya, ni sai dai ta ce yana gaishe ka. Shekara shida. Littafin nan yana cikin akwatina. Ba na karanta Turanci, amma akwai wata 'yar gajeriyar kalma da ta fito a kowane layi, har na gane siffarta, ƙanwarsa ce ta ce mini ita ce ke raba wanda ya fi da wanda aka fi. Ban da layin ƙarshe, kullum shi ne a bayanta.

Bara ya zo Babbar Sallah. Ya zama mutum, yana da garejinsa da masu koyo a ƙarƙashinsa, yayan kuwa ya gama karatu yana zaune ba aiki. Bayan la'asar muka zauna a zaure mu biyu. Na daɗe ina shirya abin da zan faɗa, ina so in wanke zuciyarsa. Da na buɗe baki sai na ji na ce masa wallahi yanzu ka fi yayanka. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya ce Baba, ashe har yanzu akwai wanda ake ɗaurewa a gefe, yau yayana ne. Ya ce shi bai yi tafiyar kwana biyu a mota don ya fi kowa ba, ya zo ne ya ji na ce masa sannu da hanya. Sai a lokacin na tuna tun da ya shigo gidan ban ce ba.

Na ce masa sannu da hanya. Ya amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa dattijon unguwa. Ya koma bayan kwana uku. Yanzu yana kirana, amma gaisuwa ce kawai, ba ta kai minti ɗaya.

Abin da na gane a makare shi ne, a kara in ka ɗaure ramamme kusa da bijimi, da yamma kwance shi za a yi ya tafi bai san me aka ce ba. Yaro yana ji, kuma yana ajiyewa. Iyaye 'yan'uwana, in ɗanku ya yi laifi ku yi masa faɗan laifinsa, in ya yi abin kirki ku yabe shi da sunansa, kada ku jawo wani ku tsayar kusa da shi. Ni dai na iya sayar da shanu, amma sai da na yi furfura kafin na koyi ce wa ɗana sannu ba tare da na waiwaya neman wanda zan gwada shi da shi ba.