Mai Safa na Holan da Turmin da Baba Ya Ƙi Sayarwa

Shekarun baya, lokacin da na gama jami'a ina jiran a tura ni bautar ƙasa, mahaifina ya ce ba zai zuba ido ina barci har hantsi a gidansa ba. Don haka kullum da safe sai in bi shi daga Kwaciri zuwa shagonsa na atamfa a Kantin Kwari. Adabi na karanta, kuma a lokacin ji nake duk Fagge babu mai kaina. Kasuwa kam ban iya ba. Mace za ta tambayi kuɗin zane, in faɗa mata na ƙarshe tun kafin ta taya. Baba ya sa mini suna Farfesa, kuma ba yabo yake nufi ba.

A can saman kanta akwai wani turmin atamfa 'yar Holan, shuɗiya mai zanen 'yan tsuntsaye, naɗe cikin leda. Tsohon yayi ne, an daɗe da daina kawo irinsa. Ban jima da fara zuwa ba wata Hajiya ta hango shi ta nace, ni kuma na taka kujera na sauko da shi ina murna zan yi ciniki. Ana cikin haka Baba ya dawo daga masallaci. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan da mai shi." Ya karɓa ya mayar da shi saman kanta da hannunsa. Na ɗauka wata ce ta biya ba ta zo ta ɗauka ba.

Bari in ɗan koma baya. Ina da yaya mace, ita ce 'yar fari a gidanmu. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara takwas, ni ina ɗan ƙarami. Baba daga gidan malamai ya fito, gidan da alkunya take da tsanani. Tana raye bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa, bai kuma taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Da ta rasu aka yi sadakar uku, washegari ya koma kasuwa. Mahaifiyata kuwa Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, iyayenta Musulmi 'yan kasuwa. A gidansu yaro da sunansa ake kiransa har da kirari, in an yi rashi kuma ba a ɓoye kuka. Ta san al'adar gidan mijinta, ta zauna da ita, amma zuciyarta ba ta taɓa karɓa ba. Wata rana ina taya ta wanke-wanke ta ce mini, "Babanku mutumin kirki ne. Amma yarinyar nan ni kaɗai na rasa ta." Na tashi na ga hirarsu ba ta wuce gaisuwa da maganar cefane, kuma abin yana damuna ƙwarai.

To, wata Asabar na je kasuwar Sabon Gari wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, na tsinci wani na Turanci da bangonsa ya cinye, mai ba da tarihin wani sha'irin ƙasar Holan. Gaskiya mamaki ne ya sa na saya. Ni da digirina a adabi, iyakar abin da na sani game da Holan shi ne atamfa da madara da 'yan ƙwallo.

Ranar Litinin ina ɓoye a bayan tarin atamfofi ina karatu, Baba ya ce, "Farfesa, littafin nan ne zai sallami masu saye?"

Na ce, "Baba, ai labarin wani ɗan kasuwa ne, mutumin Holan."

Nan na kama shi. Baba yana ganin girman mutanen Holan, ya kan ce duk waɗanda zanensu ba ya zuba to sun san amana. Ya gyara zama ya ce, "Me yake sayarwa?"

"Safa."

"Safa a ƙasar sanyi? Wannan ya san abin da yake yi. Ci gaba."

Daga ranar, duk sanda kasuwa ta lafa sai in karanta in fassara masa. Mutumin ya rayu wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce. Iyayensa sun sha ƙaura saboda addininsu kafin su zauna a Amsterdam, inda ya gaji shagon safa daga mahaifinsa. Bai yi makaranta mai zurfi ba. Sai da ya girma ya yi iyali sannan ya duƙufa koyon harsunan malaman da, har ya zama babban marubucin waƙa da wasan kwaikwayo na ƙasarsa. Matarsa ce ke tsare shago yana rubutu. Da Baba ya ji haka ya ce, "To ai ita ce 'yar kasuwar, shi Farfesa ne irinka."

Amma a hankali tsokanar ta koma girmamawa. Na ba shi labarin yadda mutumin ya rubuta wasa ya caccaki masu mulki kan wani dattijo da suka kashe, har sai da ya ɓuya aka kuma ci shi tara. Na gaya masa akwai wasansa da mutanen birnin suka riƙa kallo duk sabuwar shekara, kaka da jika, sama da shekara ɗari uku. Da muka zo inda ɗansa ya karya jarin shagon, tsohon yana da shekara saba'in ya je ya kama aikin akawu, kuma bai ajiye alƙalami ba, ya rayu har ya haura casa'in, Baba ya jinjina kai ya ce, "Wannan namiji ne. Karayar kasuwa da tsufa, bai zauna yana ba mutane tausayi ba."

Akwai babin da na tsallake da gangan. Wata rana bayan azahar Baba ya ce, "Wai ba ka faɗa mini ba, ɗa guda ya haifa?" Baba ba a yi masa kwana-kwana. Na ce a'a, ya binne jariri namiji, ba a daɗe ba ya binne 'ya mace, sannan matar ta bi su. Kuma ya rubuta wa yaran waƙoƙi.

Yana naɗe wani zane, hannunsa ya tsaya.

"Macen, shekarunta nawa?"

"Takwas, Baba."

"Me ya ce a kanta?"

Na ce bai yi dogon wa'azi ba. Wasanninta ya ambata: tsallen igiya a bakin titi, 'yar tsanarta, da wani wasa mai kama da carafken 'yan matanmu. Ta jaririn kuwa, da sunan yaron ya buɗe ta.

"Da sunansa? A takarda, kowa ya karanta?"

"Eh, Baba."

"Kuma ba a ce ya rasa tawakkali ba?"

Na ce littafin ya nuna mutum ne mai riƙon addininsa sosai, kuma har yau mutanen ƙasarsa suna karanta waƙoƙin.

Can, yana kallon bakin ƙofa, ya ce, "Ita ma ta iya carafke. Duk layinmu babu mai cin ta. Ta tagar zaure nake kallonsu."

Tunda nake ban taɓa jin ya yi maganar yayata ba.

Ya ce, "Taka kujera ka sauko mini da turmin nan."

Ranar tun kafin la'asar muka rufe shago, maƙwabta suna tambaya ko lafiya. Muka tari adaidaita a mahaɗar Bata, yana rungume da turmin. Mun tarar da Mama a tsakar gida tana tsince wake a faranti. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye turmin a kan tabarmarta.

Ya ce, "Hajiya, daf da babbar sallar da ba ta gani ba, ranar da suka kawo mini abinci ita da 'yar maƙwabta, na ce ta zaɓi zanen salla. Wannan ta nuna, wai saboda tsuntsayen. Na ajiye zan kai wa tela, sai ta kwanta."

Mama ta kalli turmin, ta kalle shi. Ta ce, "Wa ya nuna?"

Ta san amsar, shi ma ya san ta sani. Sai ya faɗi sunan. A hankali ya fito, kamar mai koyon magana.

Farantin ya suɓuce, wake ya watse a ƙasa. Mama ta ce, "Alhaji, don Allah sake faɗa."

Ya sake. Ni dai na sulale zaure na zauna ina share hawaye da hular kaina, ina jiyo su suna magana ƙasa-ƙasa har aka kira magariba.

Ban daina ganin girman alkunya ba, kuma ban zargi Baba ba. Yadda aka rene shi ke nan, ya riƙe ciwonsa a saman kanta shekara da shekaru, kullum yana ɗaga kai yana ganinsa. Amma har gobe ina jinjina wa wancan tsoho mai safa. Addininmu ba ɗaya ba, harshenmu ba ɗaya ba, ni ko waƙarsa ban karanta da harshensa ba. Duk da haka, don ya zauna ya faɗi gaskiyar abin da ya rasa, ya buɗe bakin wani uba a Kwari. Na yi shekaru a jami'a ana gaya mini amfanin adabi, sai a shagon atamfa na gan shi da idona.

Da na yi aure Allah ya ba ni 'ya mace, na sa mata sunan yayata. Kamar yadda aka saba, 'yan gida suka laƙaba mata wani suna na sakayawa, har ni ubanta da shi nake kiranta. Mutum ɗaya ne ya ƙi. Duk Juma'a in muka je Kwaciri, tun daga zaure Baba yake ƙwala mata kira da sunanta na yanka, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Kuma duk sanda ya kira, Mama tana ajiye abin da ke hannunta ta saurara.