Kular Mamana Daga Abakpa Zuwa Tashar Rigasa

Abakpa, ƙarfe shida saura kwata

Ina dawowa daga sallar Asuba 'yata Hauwa, wadda nake kira Mamana, ta miƙo mini kula. Ta zo wankan gida ne, kwananta goma sha biyu da haihuwa, uwarta kuwa ta rantse ko zaure ba za ta leƙa ba sai ta yi arba'in. Cikin kular akwai kwalabe uku, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, da wani farin gari a ciki. Aikin digirinta na shekara biyu ke nan.

Ta ce garin silika ne, dangin yashi, kowace ƙwaya ido ba ya ganinta, amma tana da ramuka kamar soso. A ramukan ta ɗura insulin, maganin masu ciwon sukari, don ya riƙa fita a hankali cikin jiki maimakon allura safe da yamma. Abokiyar karatunta Dakta Binta za ta kai shi Abuja a jirgin ƙasa na ƙarfe takwas, a auna yadda yake fita, kuma yau kaɗai aka ba su injin awon.

"Baba, furotin ne, zafi yana lalata shi. Don Allah kada ka tsaya gaisuwa."

Na ce shekara talatin da biyar ina ɗaukar fayil ɗin gwamnati, ko ɗaya bai ɓata ba.

Unguwar Shanu, shida da kwata

An kwana babu wuta, don haka na sauka daga Keke Napep na sayi ƙanƙara ta naira ɗari biyar. Mai keken ya dubi kular ya ce, "Baba Alhaji, koko ne?" Na ce masa yashi ne mai ramuka. Bai ƙara yi mini magana ba har Rigasa.

Rigasa, bakwai saura minti goma

Gidan yayata Dije yana kan hanyar tasha. Wa ya isa ya wuce ƙofarta ya kwana lafiya? Na ajiye kular a tsakar gida, na gaya mata abin da ke ciki a gurguje, na shiga duba mijinta Malam, wanda ciwon sukari ya kwantar. Gaisuwa ta ci minti ashirin da biyar. Na fito na suri kular, tana cewa "Sule, tsaya mana," ina cewa sai na dawo.

Tasha, bakwai da rabi

Dakta Binta ta buɗe kular, tururi ya bugi fuskarta. Kunun kanwa ne na mai jego, cike fal, da zafinsa. A gidanmu ba a mayar da kwano babu komai, ni kuwa na manta da wannan. Kwalaben kuwa babu su. Ban taɓa jin tsoron fuskar 'yata ba sai ranar.

Na tare wani keken, kilomita biyu, na ce ya yi gudu, ni da nake wa direbobi wa'azin tafiya a hankali. Na tarar da Yaya Dije a ƙofar gida riƙe da tata kular.

"Kai dai tun kana yaro ba ka tsayawa a gama maka magana. Taka kular murfinta ya saki, ƙanƙarar ta fara zama ruwa. Na mayar da kwalaben cikin tawa, na ƙara sabuwar ƙanƙara, na naɗe su da tsumma kada su daskare. Shekara goma ina ajiye allurar Malam ba tare da firji ba, kai za ka koya mini?"

Na miƙa hannu, ta riƙe kular ba ta saki ba.

"Ka ce wa Hauwa ta yi sauri da aikin nan. Cikin Malam babu sauran wurin da allura ba ta huda ba."

Saura minti bakwai jirgi ya tashi na koma tasha, Dakta Binta ta taɓa kwalaben ta ce da sanyinsu.

Abakpa, tara da rabi

Na iso gida da kunu, na ba da labari ban rage komai ba. Mamana ta yi ta dariya har na kai ga saƙon goggonta. Nan ta miƙa wa uwarta jaririn, ta ce a miƙo mata littafin aikinta.

Alhamdu lillahi. Na gode wa mai keke na biyu, na gode wa Yaya Dije. Allah ya ba Malam lafiya.