Ƙwai Goma Sha Ɗaya a Kan Siminti

Hansatu matar Mainasara ba ta taɓa tara abin duniya ba, amma a gungunsu, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara ƙasa da Yelwa, in ana zancen kaji sai an ambaci sunanta. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, Innarta ta saka mata wata kaza wake-wake a kwando, ta ce irin da kakarta ta zo da shi ne, kada ta bari ya yanke. Shekara ashirin da 'yan kai tana riƙe da wannan amana, miji na can bakin ruwa yana fama da albasa.

Ko cikin tsananin hunturu ba ta asarar ƙwai. Dabararta ɗaya ce: ta haƙa ɗan rami a bayan murhu, ta zuba toka da ƙaiƙayin shinkafa, ta jera ƙwan. Ƙasar ɗaki takan riƙe ɗumin wuta har gari ya waye.

A shekarar da aka ce mutanen gungu su tashi saboda dam ɗin Kainji zai haɗiye garinsu, ciwon kaji ya share mata akurki. Kaza ɗaya tak ta tsira, da ƙwai goma sha ɗaya da ta saka kafin zakaran ya mutu. Kwananta tara da fara kwanci aka sa ranar tashi, ga sanyi kamar zai tsaga fata.

Hansatu ta je ta durƙusa gaban Wakilin gari. "Ranka ya daɗe, a ƙara mani kwana goma sha biyu."

"Hansatu, mi kike so in hwaɗa ma mutanen dam?" in ji Wakili. "In ce su dakata, kaza na kwanci?"

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ƙulle ƙwan a zani ta manna a cikinta, kaza a hammata, ta shiga jirgi. Sauran mata na waiwayen gungu suna hawaye, ita ko motsin kirki ba ta yi ba har aka kai gaɓa.

Sabon gidan na bulo ne, ƙasansa siminti. Ta ɗauko fartanya za ta haƙa raminta, Mainasara ya riƙe mata hannu. "Ɗakin gwamnati ne wanga. Ba mu san hukuncin fasa shi ba."

Sai ta haƙura. A ganinta siminti ai daɓe ne, tauri kawai ya fi. Ta barbaɗa toka da ɗan ƙaiƙayin da ta ƙullo, ta jera ƙwan a kai, kaza kuwa baiwar Allah ta hau ta kwanta. Hansatu ta toshe ƙofa da tabarma, ta cusa tsumma a taga, tana kawo jiƙaƙƙen gero da ruwan ɗumi. Duk faɗanta da iska take yi, don iska ce abokiyar gabar da ta sani.

Rana ta biyar da safe kaza ta tashi shan ruwa, Hansatu ta sa hannu ta juya ƙwai ɗaya. Samansa ɗumi, ƙasansa sanyi ƙalau kamar dutsen bakin kogi. Ashe ta ƙasa sanyin ke shigowa, kuma kwana biyar yana aikinsa. Ta soya yashi a kasko, ta bari ya huce, ta mayar da ƙwan ciki.

Kwana ashirin da ɗaya ya cika, shiru. Da aka ƙara biyu, maƙwabciyarta Mariyamu ta kawo ruwan ɗumi a ƙwarya don a gwada, domin ƙwai mai rai yakan motsa a ruwa. Suka saka ɗaya bayan ɗaya, suka zuba ido. Ko guda bai motsa ba.

"Baragurbi ne duka," in ji Mainasara. "Zubar da su, ki tsoma kazar a ruwa ta bar kwanci."

"Bar ta," Hansatu ta ce. "Ba ni iya hwaɗa mata."

Ta mayar mata da ƙwan, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ci mata rai daga baya. Kaza ta ci gaba da kwanci, ta daina kula gero, ta rame sai ƙashi da gashi. Wata safiya aka same ta a sandare, fukafukanta a buɗe a kan ƙwan.

Hansatu ta yi shekara goma sha tara a gidan nan kafin ta rasu. Ta sayi kaji a kasuwar Yelwa, suka yi ta haihuwa, amma ba ta taɓa kiran su nata ba. Ranar da za a kai 'yarta Zuliha ɗakin miji, ta ɗauko kwandon da Innarta ta ba ta, ta kakkaɓe shi, ta tsaya riƙe da shi a tsakar gida tana duban kajin kasuwa. Can sai ta mayar da shi ɗaki ta rataye.